Ranar da Na Juya Magajiya

Da cokalin shayi na juya ta. Na tura shi ƙarƙashin bayanta a hankali, na mirgina ta don ta koma kan ƙafafunta, sai na ji wata ƴar ƙara kamar an taka ɓawon gyaɗa. Ba ta tsaya ba. Ƙafafun suka baje, biyu na dama suka lanƙwashe ta inda ƙafa ba ta lanƙwashewa, wani ruwa garai-garai ya fara tsattsafowa daga gaɓa ɗaya.

Inna, mahaifiyata, tana bakin ƙofar ɗakina da kofin ruwa, ta riga ta sa rigar aiki. Ta ce, "Ta motsa?"

Na ce, "Ta motsa."

"To alhamdu lillahi. Yayyafa mata."

Na karɓi kofin na yayyafa mata.

Lahadi ce, ƙarfe takwas na safe, hawa na goma sha ɗaya a unguwar Minguettes, gefen Lyon. Magajiya gizo-gizo ce, irin manyan nan masu gashi da Faransawa ke kira migal. Faɗinta ya kai tafin hannuna, gwiwoyinta ja. Kuma ba tawa ba ce, amana aka ba ni.

Ina rubuta wannan ne don wanda za a bar wa irin wannan dabba wata rana. Ni da na nemi bayani da Hausa ban samu ba, na Faransanci kuma dogo ne, ni kuwa ba na kai ƙarshen dogon abu. Kowa a gidanmu ya san haka. Na bar lakwal, wato makaranta, ina shekara sha shida. Na fara koyon gyaran mota na bari. Na shiga gidan burodi, sati biyar na yi. Lokacin da abin nan ya faru ina ɗaukar kwali ne a wani magaza na ajiyar kaya, aikin anterim, wanda yau akwai gobe babu.

Mai Magajiya ita ce Yaya Rakiya, ɗiyar yayar Inna. A Paris take, tana karatun dokta a kan ƙwarin da ke cin gero. Shekara tara suna tare da Magajiya, tun tana kamar ƙwayar wake. Da damina ta zo za ta tafi Nijar wata huɗu don bincike a gonaki, abokiyar zamanta ta rantse ba za ta kwana gida ɗaya da abar ba in ba ta nan. Sai ga Yaya Rakiya a Lyon da akwatin gilashi an naɗe shi da bargo.

Inna ta dubi akwatin, ta dube ni, ta ce, "Rakiya, duk dangi ki rasa wanda za ki ba sai wannan? Ko cajar salula ba ta wata ɗaya a hannunsa."

Yaya Rakiya ta ce, "Shi na zaɓa, Inna. Lamin zai iya."

Ban tuna ranar da wani ya taɓa faɗin haka a kaina ba.

Ta ce aikin ba wuya. Ruwa a ɗan murfi kullum, gyare ɗaya mai rai kowace Juma'a. Ta ja ni gefe ta ce a ƙasar nan sai da takarda ake ajiye irin wannan dabba, ita tana da ita, ni ba ni da, don haka kar in yi ta yaɗawa, kar in jawo mata magana. Sauran bayanin ta ce za ta turo min a wokal, saƙon murya, daga filin jirgi. Ta turo. Minti goma sha ɗaya. Na saurari biyu a tashar taram, jirgin cikin gari, tana ta maganar irin ƙasar da ake zubawa a akwatin, taram ya zo, na ce sai an jima.

Sati biyar na farko lafiya lau. In na dawo daga aiki ina zama in kalle ta. Tana iya wuni a wuri ɗaya, ƙafa ɗaya a sama, ba ta komai kuma bai dame ta ba. Ni da ba na iya gama cin abinci a zaune, sai na ga na yi rabin awa a gaban gilashi. Na yi mata hotuna sun fi talatin. Duk Juma'a in Yaya Rakiya ta shigo gari ta samu rezo, salula ta kama, sai ta rubuto, "Ya mutuniyar?" in tura mata ɗaya.

Juma'a ta shida na jefa gyare, Magajiya ta ɗaga ƙafafun gaba, ta ture shi, ta juya baya. Na ce ƙila zafi ne, don a lokacin ɗakina kamar tanda yake. Juma'ar da ta biyo baya ma haka. A bayan cikinta akwai wani ɗan sanƙo, wurin da gashi ya zube, da launin fatar mutum yake. Sai na ga ya fara duhu, kamar inda aka buge mutum jini ya kwanta. Tafiyarta ta koma ta tsohuwa, tana jan ƙafa.

Yaya Rakiya ta rubuto, "Ya mutuniyar?" Na zaɓi hoto daga cikin na da, na rubuta, "Lafiya lau." Ban yi dogon tunani ba. Na ce in ta warke ai ba ƙarya na yi ba.

A sati na uku da daina cinta ta shige kogonta, wani ɓawon icce da aka kifa mata, ta toshe ƙofar da ƙasa da saƙa. Kwana biyu ban gan ta ba. Rana ta uku na sa yatsa na buɗe. Ta sake toshewa. Na sake buɗewa. A raina, ya za a yi a bar marar lafiya ya kulle kansa a ɗaki?

A nan Inna ta shigo maganar. Da ba ta ko shiga ɗakina. "Abar nan" take ce mata, kuma ta hana in wanke murfin ruwanta a kizin, inda take girki. Amma Inna shekara sha huɗu tana aiki a gidan tsofaffi, kuma tun kafin nan a Damagaram ita ake kira in wani ya kwanta. Ba ta iya jin an ce wani bai ci ba ta wuce. Ranar da na ce sati uku ke nan, ta ajiye ludayi.

"Sati uku? Kai kuma kana ci kana sha?"

"To me zan yi, Inna?"

"Ka sake mata abinci mana. Kai in an ba ka abu ɗaya kullum ba ka gajiya?"

Ta buɗe robar farar da aka aiko mata daga gida, ta zaɓi babba, ta wanke yajin a famfo, ta ce in ba ta. "Ban taɓa ganin mai ƙin fara ba." Farar ta kwana biyu a akwatin ta yi fumfuna. Na sayo tsutsa, na sayo kyankyaso na kanti, duk ta ƙi. Inna ta ce kar in riƙa ɗauke abincin, a gefen marar lafiya ake barin kwano, ba ka san sa'ar da ransa zai so ba. Maganar ta yi min daidai. Na bar gyare uku masu rai suna yawo a ciki dare da rana.

Inna ta yi tofi a ruwan sha. Ta ce in matso da akwatin kusa da taga ta sha iska. Maƙwabciyarmu ta ji labari ta zo dubiya da jikokinta, suka yi ta ƙwanƙwasa gilashi wai ta gaishe su. Inna ta kawo musu shayi. Wallahi kamar mutum ne ya kwanta a gidan.

Na kira lokotoron dabbobi, wato likitocinsu, huɗu a Lyon. Biyu suka ce ba sa ganin irin wannan. Ɗaya ya ce sai bayan sati uku. Ta huɗun ta yi min tambayoyi da kyau, har na fara jin sanyi, sai ta ce, "Kana da takardar ajiye ta?" Na kashe salula. Na tsaya a baranda ina jira a kira ni ko a zo, ba wanda ya zo. Ban sake kiran kowa ba.

Sati na biyar da daina cinta ta fito daga kogon da kanta, ta ƙi komawa. Ran Asabar ta wuni tana saƙa a ƙasa, fara fat, kamar ƙaramar tabarma. Na ji daɗi, na ce ta samu ƙarfi. Lahadi da safe na tashi na same ta kwance rigingine a kan tabarmar, ƙafafu a sama, ba motsi. Gyare ɗaya yana tsaye a kan cikinta.

Na kira Inna. Ta leƙa, ta ce, "Suma ta yi. Ba a barin marar lafiya a rigingine, Laminu. Mu kowace awa biyu muke juya su. Juya ta, bari in kawo ruwa."

Ba ta kama hannuna ba. Ni na je kizin na ɗauko cokalin.

Bayan Inna ta tafi aiki na zauna a ƙasa ina kallo. Gadon bayan Magajiya ya buɗe kamar murfin tukunya, a ƙarƙashi akwai wani jiki sabo, fari-fari, mai laushi, yana bugawa a hankali. Na ɗauka fashewa ta yi. Tana jan ƙafafu daga cikin wasu ƙafafun, wasu suna fitowa, na daman nan biyu sun ƙi. Ruwan yana ta zuba. Gyaren ya dawo ya kafa baki a wurin mai laushi, na cire shi da hannu, na cire sauran biyun.

Sai na ɗauki salula, na nemo wokal ɗin Yaya Rakiya, na danna daga inda na tsaya. Maganar ƙasa, maganar zafi, dariya, wani yana kiran jirgi a bayanta. A minti na bakwai ta ce:

"Yauwa, Lamin, saurara da kyau, wannan shi ne babba. Ta kusa shekara biyu ba ta yi saɓa ba, ƙila ta yi a hannunka. Kamar maciji, sai dai ita har ƙafafu da baki take cirewa. Za ta daina ci, ko wata biyu ne, ba komai. Sanƙonta zai yi baƙi. Za ta kulle kanta, ka bar ta. Ka cire duk wani gyare, in ba haka ba shi zai ci ta. Ranar da ka gan ta kwance a bayanta, ba mutuwa ta yi ba, aiki take. Don Allah kar ka taɓa ta, kar ka hura mata iska, kar ka zuba ruwa. Fita ka je yawonka, ai ka iya."

Ta yi dariya a wurin nan. Sannan ta faɗi sunan lokotoronta a Paris, ta ce ta san Magajiya tun tana ƙarama.

Na saurara har ƙarshe. Na sake daga farko. Ban ji komai ba, sai yunwa. Na tashi na ci biredi a tsaye. Har yau wani lokacin ina cewa, wa ke ajiye babbar magana a minti na bakwai? Sai in tuna minti bakwai ne kawai. Na fi haka jiran asansar, na'urar hawa bene, a batimarmu.

Litinin da safe na rubuta wa shef, shugabanmu a wurin aiki, cewa ba ni da lafiya. Na shimfiɗa jiƙaƙƙen hankici na takarda a robar abinci, na huda murfin, na ɗauke ta da tabarmar tata gaba ɗaya na sa, na shiga metiro zuwa lagar, tashar jirgin ƙasa, na kama na Paris. Tikitin ranar ya cinye abin da nake samu a kwana biyu. Awa biyu ina riƙe da robar a cinya da hannu biyu, duk girgizar jirgi ina ɗaga ta sama. Matar da ke gefena ta ce kek ne? Na ce e.

Ba ni da randebu, ban nemi lokaci tun da wuri ba, sai aka ce in jira. Na jira daga sha ɗaya zuwa uku da rabi. Zomo ya shiga, aku mai tsige gashin kansa ya shiga, wani mutum da ƙadangare a cikin rigar sanyi ya shiga. Kowa yana shafa dabbarsa yana mata magana. Ni roba ce a hannuna. Na tashi na zauna ya fi sau ashirin, har mai karɓar baƙi ta ce, "Mushe," wato malam, "kujerar ba ta cizo."

Lokotoron mace ce, gajera, mai furfura. Ta buɗe robar ta duba. Ta ce, "Ta Rakiya ce." Na ce e. Ta ce in faɗa mata komai. Na faɗa mata, har fara, har tofi, har cokali. Ba ta yi dariya ba, ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Me ya sa ba ka kira ni ba kafin ka taso? Da na ce ka bar ta inda take. Tafiyar nan ma ta ci mata ƙarfi."

Ta sa gilashi mai ƙara girma, ta ɗauki ɗan buroshi jiƙaƙƙe da hantsaki, ta yi ta zare tsohuwar fatar kaɗan-kaɗan, wajen minti arba'in. Ƙafafun nan biyu ta cire su. Ta ce wannan ba shi ne abin tsoro ba, suna sake fitowa a saɓa ta gaba. Ta barbaɗa garin sitaci inda ruwan ke zuba, ta ce ruwan nan shi ne jininta, kuma ta zubar da yawa. Fiƙarta ɗaya ta bushe a karkace. Inda gyaren ya ciza ma akwai rami.

Na ce, "Wane ciwo ne ya kama ta tun farko?"

Ta ce, "Ba ciwo. Lafiyarta ƙalau."

Na ce to wane magani zan saya. Ta ce babu. Wuri mai duhu, ba zafi ba sanyi, murfin ruwa kusa da bakinta, ba abinci har sati biyu, kallo sau ɗaya a rana ba tare da buɗewa ba. Ta ɗaga yatsa ta ce, "On ne touche pas." Ba a taɓawa. Ta faɗa sau uku kamar tana koya wa yaro. Ta kuma nuna min da hannunta: in ta kwanta a baya ƙafafu a sama, rai ne. In tana kife ta naɗe ƙafafu a ƙarƙashin cikinta kamar dunƙulallen hannu, shi ne ƙarshe. Ta ce rabi da rabi ne, kuma kar in kuskura in mayar da ita Lyon.

A bakin ƙofa na tsaya, na ce maganar takarda fa. Ta ce, "Wannan tsakanina da Rakiya ne." Allah ya saka wa matar nan. Kuɗin da ta karɓa ma na ganin zomo ne, na ga allon. Amma da ta ce lafiyarta ƙalau, na so a ce ta ɗan yi min ƙarya.

Na sauka wurin Kawu Sale, ƙanen Inna, mai butik ɗin salula a unguwar Goutte d'Or, nan Paris. Ya fito da hannu biyu, "Ɗan Lyon, yau kai ne a garinmu? Me ka kawo mana?" Ya kai hannu zai buɗe robar. Na janye. Da na gaya masa ya ja baya har ya bugi kanta.

"Daga Lyon, a jirgi, ka kai tautau likita. Ni haƙorina wata uku ke nan ba wanda ya tambaye ni."

Amma ya ba ni ɗan ɗakin da yake ajiye kwalaye a baya, ya share min kanta ɗaya, ya hana kowa shiga. Kullum da safe in ya buɗe butik sai ya ce, "Ya mai jiki?" Da farko tsokana ce. Daga baya ban san ko mene ne ba, don ya daina murmushi in zai faɗa.

Kwana tara na yi ina jinya a nan. Rana ta uku ofishin anterim suka rubuto sun ba wani wurina. Na karanta na mayar aljihu. Aikina shi ne kar in yi komai, kuma ban taɓa yin aiki mai wuyarsa ba. Ƙarfe tara in shiga in ɗaga kwalin da na kifa mata, in duba ta cikin roba, in mayar. Shi ke nan na gama jinyar ranar. Sauran awowin hannuna yana ƙaiƙayi. In ji kamar ruwan ya yi mata nisa, kamar ɗakin ya yi zafi, kamar in ɗan gyara mata kwanciya. Sai in fita. Na taka unguwar nan lungu-lungu, kasuwa, masallaci, gadar jirgi, in dawo in taya Kawu liƙa gilashin salula, in ɓata biyu ya kore ni. Wata rana na zauna a kan hannayena a ƙofar ɗakin, da gaske, kamar yadda ake sa mu a lakwal.

Inna tana kira kullum bayan la'asar.

"Ta ci?"

"An ce kar a ba ta."

"An rubuta ordinas ta magani?"

"Babu."

"Ba abinci, ba magani, ba taɓawa. Wannan wace irin likita ce?"

Ban gaya mata abin da lokotoro ta ce ba, amma Kawu bakinsa ba ya riƙe ruwa. Rana ta shida ta kira, ta yi gaisuwa doguwa irin wadda ba ta yi min. Ta ce, "Sale ya ce juyawar ce."

Na ce, "Abubuwa ne da yawa, Inna."

"Ni na ce ka juya ta. In Rakiya ta tambaya ka ce ni ce. Ni ba za ta iya yi min komai ba, uwarta ce ni." Sai ta ƙara da cewa, "Mutum nawa na juya da hannun nan, ba wanda ya taɓa yin gyambo a wurina."

Na ce na sani.

Rana ta bakwai na samu Magajiya ta matsa, bakinta a cikin ruwa. Na gaya wa Kawu, ya saya min shawarma. Rana ta takwas tana nan inda take. Rana ta tara, Laraba, na ɗaga kwali na ga ta naɗe ƙafafun nan shida a ƙarƙashinta. Na mayar da kwalin. Ban taɓa ta ba. Na bar ta har washegari ƙarfe tara, ko da wani abu ne kuma da ban sani ba. Sannan na ɗauki hoto na tura wa lokotoro. Ta amsa da layi biyu, ta ce ta yi haƙuri, kuma in sa ta a sanyi, mai ita ce za ta faɗi yadda za a yi da ita.

Ban yi kuka ba. Na wanke murfin ruwan na goge, ban san don me ba. Kawu ya kwashe lemon da ke firigon butik gefe ɗaya, ya ce, "Sa ta can ciki, kar kiliya ya zo sayayya ya gani."

Wanda aka bar wa migal, ga abin da na sani yanzu, ba shi da yawa. In ta ƙi ci, ka cire abincin ka ƙyale ta. In ta rufe ƙofa, tata ce. In ta kwanta a baya, ka fita daga ɗakin. Duk abin da aka koya mana a gida na kula da marar lafiya, kar a bar shi shi kaɗai, a lallashe shi ya ci, a juya shi, a yayyafa masa ruwa, a zo dubiya, gaskiya ne a kan mutum, ita kuwa kowane ɗaya rauni ne. Kuma in mai ita ya turo maka bayani, ka saurara har ya ce sai an jima.

Ranar Alhamis da yamma, bayan kiliya sun ragu, Kawu ya juyo min da salularsa. Wani mutum ne a bayan gari yake sayar da irinta, mace, jan gwiwa, girman ya yi kusa.

Ya ce, "Saura sati shida ta dawo. Ka sa wannan a akwatin, ka ce saɓa ta yi ta sake kama. Ai an ce suna sakewa. Tautau tautau ne, ba ta amsa suna. Ni zan biya, kar ka damu. Yarinyar nan tana can cikin rana tana wahala, me za ka ɓata mata rai a kai? Kai ma ka huta da bakin dangi."

Ba mugunta yake ba. Na karɓi salular na daɗe ina kallo. Kyakkyawa ce, ƙafafu takwas cif. Har na tambayi wane jirgi ke zuwa garin. Na san Yaya Rakiya ƙila ta gane, ƙila kuma ba za ta gane ba, in ma ta gane tana iya yin shiru don ta rufa min asiri. Wannan na ƙarshen ne ya tsaya min. Sau biyu ta kira ni a satin nan ina kallon sunanta har ya katse. Na ce wa Kawu bari in kwana a kai.

Juma'a muna fitowa daga masallaci salula ta yi motsi. "Ya mutuniyar?" Na buɗe hotuna, akwai sauran tsofaffi da ban tura ba. Na tsaya a jikin wata mota, mutane suna wuce ni da darduma a hammata, Kawu yana can gaba yana gaisawa. Na rubuta, ban sake karantawa ba, na tura:

"Yaya, ina wuni. Magajiya ta mutu ran Laraba. Ba ciwo ba ne, saɓa take yi na juya ta da cokali. Ban saurari wokal ɗinki ba sai bayan na yi. Hotunan da nake turo miki tun sati shida duk tsofaffi ne. Na kai ta wurin lokotoronki, ta yi iya yinta, ta ƙara kwana tara. Inna za ta ce miki ita ce, kar ki yarda, ni kika ba. Tana firigon Kawu Sale a roba mai shuɗin murfi, ban yi komai da ita ba sai kin faɗa. Ba sai kin ce ba komai ba. Ki kira in rezo ya tsaya, zan ɗauka."